Darasi A Kan Motar Daji Mai Tashi Yau Ta Ƙi Gobe

 A wannan fitowa za mu ɗan jingine maganar farashin gero da dawa, mu yi karatu a kan abin da ke kai mu inda geron yake, watau motar shiga daji, irin su Land Rover da Land Cruiser da Hilux, masu ja da ƙafa huɗu.

Ku sani ƙin tashin mota iri biyu ne. Akwai wanda ke kwantar da ita gaba ɗaya. Wannan mai sauƙi ne, don duk bakaniken da aka kira zai tarar da ciwon yana nan yana jiransa. Akwai kuma mai zuwa ya tafi. Yau ta tashi da murɗa ɗaya, gobe ta ƙi, jibi ka kai ta gareji ta tashi sau goma a gaban bakanike, har ya dube ka ya ce, "Alhaji, ai motarka lafiyarta ƙalau." Wannan na biyun shi ne mai cin kuɗi, a kansa za mu tsaya.

Ni kaina ya taɓa ci mini. Wata shekara da kaka na ba da kafin alƙalami a kan wake a wata kasuwar ƙauye, muka shirya sammako. Da asuba direba ya murɗa makulli, mota ta ce ƙas, ta yi shiru. Ba ta tashi ba sai da hantsi ya dubi ludayi, kuma don kanta, ba wanda ya taɓa ta. Kafin mu isa kasuwa ta watse, mai waken ya gaji da jira ya sayar wa wani. Na sayi sabon batir, bayan mako guda ta sake ƙi. Na sayi wani kik, ta sake ƙi, wannan karon da magariba a tsakiyar daji, da kuɗin mutane a jikina. Ƙarshenta wani dattijon ɗan rewaya ya ce shi ba zai kwance kome ba, sai dai a kira shi ranar da ta ƙi. Ranar ta zo, ya ɗauko waya guda mai kauri ya haɗa kan batir da jikin injin, mota ta tashi nan take. Ashe wata guntuwar waya ce a ƙarƙashi tsatsa ta cinye bakinta. Kuɗinta bai kai na tiya biyar ta wake ba.

To, ga ƙa'idar darasin duka: ciwon da ke zuwa ya tafi, ba a kama shi sai a lokacin da yake nan. Duk kayan da ka saya kafin ka kama shi, cinikin biri a sama ka yi. Mu da ba mu biyan kuɗin buhu sai mun soka shi mun ga ƙwayar, bai kamata mu biya kuɗin batir a kan zato ba.

Fasali na ɗaya: rubuta kamar yadda kake rubuta bashi

Ka samu ɗan littafi ka ajiye a mota. Duk ran da ta ƙi tashi, kai ko direba ku rubuta abu shida. Na ɗaya, wane lokaci ne, asuba ko tsakar rana. Na biyu, injin da sanyi yake ko yanzu aka kashe shi. Na uku, wace irin hanya aka biyo, kwalta ko burji mai gargada. Na huɗu, an ratsa ruwa, ko an yi ruwan sama, ko an wanke ta. Na biyar, mai nawa ne a tanki. Na shida, wane irin ƙara ta yi, kuma me aka yi kafin ta tashi.

In ka tara rubutu huɗu ko biyar, sai ka ga ciwon ya fara nuna halinsa. Mai zuwa bayan gargada, yawanci waya ce ta yi sako-sako. Mai zuwa bayan ruwa, danshi ne ko tsatsa. Mai zuwa in injin ya yi zafi, wani abu ne da zafi ke kashewa sanyi ya farfaɗo da shi. Mai zuwa da asuba kaɗai, batir ne ya raunana, ko kuwa mai ne ke komawa tanki cikin dare. Wannan littafi shi za ka miƙa wa bakanike, ya fi ka ce masa "tana dai yi wani lokaci."

Fasali na biyu: kunne shi ne farkon ma'auni

Sa'ad da aka murɗa makulli ta ƙi, ɗayan abu biyu ne. Ko dai injin bai juya ba sam, ko kuwa yana juyawa gir-gir-gir amma bai kama ba. Kada ka haɗa su, don gidajensu daban. In bai juya ba, maganar batir ce da wayoyi da kik. In yana juyawa da ƙarfinsa, to waɗannan sun fita daga zargi, magana ta koma kan mai da tartsatsi. Mutane da yawa sun sayi batir alhali injinsu yana juyawa lafiya lau, wannan ɓarnar kuɗi ce tsantsa.

Fasali na uku: in injin bai juya ba

Da fari ka fahimci hanyar wuta. Tana fita daga kan batir mai alamar +, ta bi waya mai kauri zuwa kik, ta yi aikinta, sa'an nan ta komo ta jikin injin, ta bi wata waya zuwa ƙarfen mota, ta shiga kan batir mai alamar −. Wannan wayar ta dawowa ita kanikawa ke ce wa at. Tsofaffin Land Rover na kafin 1967 sun saɓa, su kan + ne ke haɗe da jikin mota, sai mai irinsu ya kula. Ko ina hanyar nan ta ƙuntata, tafiya ko dawowa, kik ba zai juya ba.

Wani zai ce, "To ai fitila tana kamawa, oda tana yi, yaya za a ce waya?" Amsa ita ce wutar da kik ke ja ta ninka ta fitilu fiye da sau goma. Kamar mazurari ne da bakinsa ya ɗan toshe. Zai cika maka gwangwani, amma ba zai cika buhu ba, ko da kuwa rumbu cike yake.

Gwajin farko ba ya bukatar kome sai ido. Kunna manyan fitilu, wani ya tsaya gefe yana kallo, kai ka murɗa makulli. Za ka ga ɗayan uku.

Na ɗaya, fitilu su dushe ƙwarai ko su mutu, wani lokaci da ƙara tat-tat-tat da sauri. Ma'anarsa wuta ba ta isa ba. Ko batir ya yi rauni, ko kawunansa sun yi datti ko sako-sako, ko at ta lalace. Nan da nan ka taɓa kawunan batir da bakunan wayoyin a hankali. Wurin da ka ji ya yi zafi, nan wuta ke maƙalewa. Kama kan batir ka gwada juya shi da hannu. In ya motsa, ka samu ɓarawonka. Sa'an nan ka yi gwajin dattijon nan: waya mai kauri daga kan − zuwa wani tsabtataccen ƙarfe a jikin injin. In ta tashi, at ce.

Na biyu, fitilu suna nan da haskensu, aka ji ƙas guda ɗaya, sai shiru. Wannan ya nuna wuta ta kai ƙofar kik amma ba ta shiga ba. A goye da kik akwai wani ɗan gwangwani da ake kira solonoid. Aikinsa biyu, ya tura haƙorin kik ya kama filawil, kuma ya haɗa babbar wuta. A kik ɗin Toyota, wanda yawanci ƙirar Denso ne, akwai tagulla biyu a ciki da wani ɗan faifai mai buga su. Yau da gobe tagullar kan cinye, ɗaya ta fi ɗaya, sai faifan ya riƙa samun su wani sa'i, wani sa'i ya kuskure. Shi ya sa za ka murɗa sau biyar ta ƙi, na shida ta tashi. Ana sayar da tagullar nan da faifan su kaɗai, ba sai ka sayi kik gaba ɗaya ba. Haka kuma burushin cikin kik in ya gajarce yakan yi wannan hali. Gwajinsa, wani ya riƙe makulli a murɗe, kai ka ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da ƙotar guduma. In ta tashi, ciwon yana cikin kik. Ƙwanƙwasawa na ce, ban ce duka ba, don kik na zamani yana da maganaɗisu a ciki mai saurin fashewa.

Na uku, fitilu suna da haske, ba ƙas ba kome. To saƙon ne bai kai ga kik ba. Duba siririyar wayar da ke shiga solonoid, don gargada takan zare ta. Duba fiyus. Duba rile na kik, in akwai wani irinsa daidai a cikin akwatin, musanya su ka gwada. Riƙe makulli a murɗe ka ɗan girgiza shi, in ta kama to makunnin ne ya cinye, kuma sau da yawa tulin makullan shago da aka rataya masa suna taimakawa wajen cinyewar. In mota mai canja giya da kanta ce, ka sa ta a N maimakon P ka gwada. In ta tashi, makunnin da ke jikin giya ne.

Fasali na huɗu: awo da mita

Akwai 'yar mita ta awon wuta, ana samunta wajen masu kayan lantarki, kuma ba ta da tsada. Wanda ya iya karanta sikeli zai iya karanta ta. Ma'aunin ana ce masa bolt. Ga lissafin da za ka haddace.

Batir mai lafiya da ya kwana bai yi aiki ba, 12.6 yake nunawa. In ya nuna 12.2, kamar rabin cajinsa ya tafi. In ya gaza 12, ya kusa ƙarewa. Sa'ad da ake murɗa kik, kada ya sauka ƙasa da 9.6. In injin yana aiki, a ga tsakanin 13.5 da 14.5, alamar altaneta yana caji ke nan. In bai kai ba, duba fanbel tukuna ko ya yi sako-sako. Wasu Land Cruiser masu shan gas batir biyu gare su a jere, wutarsu 24 ce, su sai ka ninka lissafin.

Amma awon da ya fi duka amfani shi ne wannan. Ɗora baki ɗaya na mita a kan dalmar batir mai −, ɗayan a jikin injin, a murɗa makulli. Waya mai lafiya kusan sifiri za ta nuna. In ka ga rabin bolt ko fiye, wuta tana zubewa a hanya kamar buhu mai huda. Haka za ka yi daga kan + zuwa babban notin kik. Ka lura, awon nan ba ya faɗin gaskiya sai ana cikin murɗa makulli. Wayar da saura silli uku a cikinta, in ba a ɗora mata nauyi ba, lafiya za ta nuna.

Wankin kan batir kuwa, cire − tukuna sa'an nan +, wajen mayarwa + tukuna sa'an nan −. Farin garin nan da ke taruwa a kai, ruwan kanwa yana cinye shi, amma kada ko ɗigo ya shiga cikin batir. Goge da samfefa har dalma ta yi haske, ɗaure tamau, sa'an nan ka shafa ɗan giris a bisa. Kuma ka tabbata batir ɗin kansa a ɗaure yake a mazauninsa, don zafi da girgiza su ne manyan masu rage masa kwana.

Fasali na biyar: in yana juyawa bai kama ba

Mota mai fetur ta tsohon yayi, mai kafireto, abu biyu take nema, tartsatsi da mai. Zare wayar filogi ɗaya, sa mata wani filogi, ka jingina shi a jikin injin, a murɗa. Tartsatsi shuɗi mai ƙara shi ake so. In babu, kuma an ratsa ruwa ko an yi raɓa, buɗe murfin abin da ke raba wa filogai wuta ka goge danshin ciki, ka duba ko ya tsage. Duba kwantak ko ya ƙone ko ya rufe. A Land Rover mai injin lita 2.25, tazarar bakinsa milimita 0.35 zuwa 0.40 ce. In kuwa sai ta yi zafi take ƙi, ta huce ta tashi, a zargi koyil ko kwandensa. In tartsatsi yana nan, koma kan mai. Da zafin bazara fetur yakan tafasa a cikin bututu bayan an kashe mota, sai famfo ya riƙa jan tururi. Jiƙa tsumma ka ɗora a kan famfon da bututun, in ta tashi ka gane. Buɗe murfin tanki kuma ka saurara. In ya ja iska fuu, to 'yar kafar numfashinsa ce ƙura ta toshe.

Mota mai gas ba ta da tartsatsi, ita mai take so da zafi. A murɗa, wani ya dubi salansa. In farin hayaƙi yana fita, mai yana zuwa amma bai kama ba, galibi hita ce ta mutu, kuma za ka ga da sanyin hunturu abin ke tsananta. Ka riƙa jira fitilar hita ta mutu kafin ka murɗa. In ba hayaƙi ko kaɗan, mai ne bai zo ba. A kan famfon injin na tsofaffin motoci akwai ɗan solonoid mai waya guda, shi ke buɗe wa mai hanya. In an kunna makulli ya kamata a ji ya ce ƙas. In bai ce ba, duba wayarsa. Bayan wannan sai iska. Tiyo mai 'yar tsaga ba lalle ya ɗigar da mai ba, amma zai sha iska cikin dare, mai ya koma tanki. Gwajinsa, da safe kafin ka murɗa, danna famfon hannu da ke kan filta, ko wanda ke gefen injin, har ya yi tauri. In ta tashi da murɗa ɗaya alhali jiya sai da aka sha fama, iska ce. Kuma ka riƙa kwance ƙasan filta kana zubar da ruwan da ya taru, balle mu da kan sayi mai a jarka a ƙauye.

Sababbin motoci masu kwamfuta suna da nasu ƙarin. Mai fetur, in ka kunna makulli za ka ji famfon tanki ya yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu, in ba ka ji ba duba fiyus da rile nasa. Akwai sensa mai gaya wa kwamfuta injin yana juyawa, takan mutu da zafi ta farfaɗo da sanyi. In fitilar makulli tana ƙyaftawa, motar ba ta gane makullin ba ne, gwada ɗayan. Irin waɗannan motoci sukan ajiye labarin ciwon a ƙwaƙwalwarsu, saboda haka kada a cire kan batir kafin a kai ta wurin mai na'urar karantawa, don a wasu motocin cirewar takan goge shaidar.

Fasali na shida: abubuwan da za a kiyaye

Kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15, a bar shi ya huta kamar minti ɗaya. Kada a kawo taba ko ashana kusa da batir, iskar da yake fitarwa tana kama wuta. Kada a cire kan batir injin yana aiki wai don a gwada caji, wannan yana ƙona altaneta da kwamfuta. In za a haɗa kik kai tsaye da sukudireba, a tabbata giya tana firi, an ja burkin hannu, an sa waigi a taya, ba kowa a gaban mota, don takan zabura ta taka mutum. Kada a sassauta bututun nozul na sabuwar mota mai gas, ƙarfin man yana huda fata. In mota ta mutu a cikin ruwa mai zurfi, kada a murɗa sai an tabbata ruwa bai shiga injin ba, in ba haka ba a lanƙwasa ƙarfen fistin. Nan kam da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kuma a riƙa canja abu ɗaya a lokaci ɗaya. In ka canja uku rana guda ta warke, ka biya kuɗin uku, ba ka kuma san wanne ne ba. Duk abin da aka cire, a ba ka tsohon ka gani. Turi kuma ba gyara ba ne. Motar da ta saba da turi, wata rana a cikin rairayi za ta ƙi, inda ba ta turuwa.

Fasali na bakwai: ga masu saye da dillalai

In za ka sayi motar hannu, je ka gan ta da sassafe, ka ɗora hannu a kan injin. In da ɗumi, an riga an tashe ta kafin ka zo, ka ce za ka komo gobe. Tashe ta da sanyi, yi tafiya da ita a kan gargada har ta yi zafi, kashe ta, jira minti goma, sake tashe ta sau uku ko huɗu. Kai kuma dillali, in ka san tana da wannan hali ka faɗa a rage kuɗi. Wanda ta kwanar a daji ba zai manta da wanda ya haɗa cinikin ba.

Guzurin da bai kamata mota ta bar gari babu shi ba: wayoyin haɗa batir guda biyu masu kauri, mita, sifana mai lamba 10 da 12 da 13, filaya, sukudireba, samfefa, fiyus da rile na ajiya, filtar mai, tocila, da littafin nan. In ka lura tana cikin kwanakin ƙinta, ka riƙa ajiye ta a kan gangare, hancinta yana kallon hanya, kuma kada ka yi lodin da zai kai ka dare.

Ranar da ta ƙi, kada ka yi fushi ka yi ta murɗa. Ranar ce kaɗai za ka iya kama ciwon. Kunna fitila, saurara, taɓa wayoyi, auna, rubuta. Iyakar darasin wannan fitowa ke nan. Allah ya ba da kasuwa, ya kai mu gida lafiya. Haza wassalam.